Ni Na Taɓa Kwamfutar Shago, Amma Wata Za a Kora

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai kula da wannan shafi, da ku 'yan uwa masu karatu, ina gaishe ku, Allah ya sa kuna cikin rufin asiri. Don girman Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ina roƙo kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe, zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina fiye da shi. Karatuna bai wuce firamare ba, idan kun ga na yi ta zagaye ku yi haƙuri, yadda abin yake a ƙirjina haka nake zubo shi.

A unguwar New Bell aka haife ni, cikin Douala, a ƙasar Kamaru. Ina aiki a shagon surfani na kawuna, ƙanen mahaifiyata, a bakin kasuwar Nkololoun. Aikina guga, yanke bakin zare da naɗe kayan mutane. Mu huɗu ne: Kawu, ni, da Bukar da ke kan keken ɗinki, sai Ma Rejin. Ita Kirista ce, 'yar kudu, mijinta ya rasu, shekararta goma sha ɗaya tana tare da mu, har Hausa ta zauna a bakinta. Ita kaɗai ke sarrafa babban injin surfani, wanda ba ya motsi sai da umarnin wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin tebur.

Kwamfutar nan ta girmi 'yata ta fari. Akwatinta ya yi ruwan ƙasa, fankarta tana gurnani kamar injin niƙa, kuma ba ta riƙe lokaci: da an ɗauke wuta sai ta manta ranar da ake ciki, wanda ya kunna ta sai ya gyara kwanan wata da hannu kafin ta yarda ta buɗe aiki. Amma a cikinta duk zanen Kawu yake, na wuyan riga, na aljihu, na hula, abin da ya zana tun idonsa na da ƙarfi. Yanzu idon ya yi rauni, ba zai iya sake ko ɗaya ba. Shi ya sa ya kafa doka: ba a haɗa ta da komai. Da hannunsa ya liƙe ramukan gabanta da salatif, ya ce, "Wanda ya cusa mata wani abu, guba ya zuba mini a tukunya."

Ni kuma Allah ya yi ni da yawan wasi-wasi. Sai in kulle shago, in kai bakin titi, in dawo in sake jijjiga kwaɗon. Da daminar bana ta yi ƙarfi, kwata ta cika, ruwa ya shigo mana har idon sawu, da kyar muka ɗaga akwatin kwamfutar muka ɗora kan benci. Tun ranar tunani ɗaya ya kama ni: idan ruwan ya zo ba kowa fa? Shi ke nan zanen Kawu ya tafi? Na yi masa maganar a kwafe zanen a wani wuri, ya ce, "Kai da tsoronka! Shekara nawa tana nan?" Na bar maganar, amma zuciyata ba ta bar ta ba. Sai na ƙudurta zan kwafe su a wayata a ɓoye, in ajiye, ranar da bala'i ya zo in fito da su. Wallahi iyakar niyyata ke nan. Amma niyya tana wanke mutum idan ya taka doka da gangan?

Akwai wani mai gyaran waya da ke da tebur a bakin hanya, na tambaye shi yadda ake yi. Ya ce tsohuwar kwamfuta ba za ta gane sabuwar waya ba sai an sabunta mata abin da ake kira direba. Ya zuba mini wani abu a cikin kile, ɗan ƙaramin abin nan da ake cusawa a ramin kwamfuta, ya ce, "Malam, ba wuya. Ka buɗe, ka danna koren maɓalli, shi zai sabunta komai da kansa. Har gudu za ta ƙara." Na tambaye shi sau uku ko ba zai ɓata komai ba. Ya yi dariya ya ce, "In ya ɓata ka zo ka kama ni." Kwana tara kile ɗin yana aljihuna.

Ranar wata Alhamis aka wayi gari babu wuta. Aka yi rasuwa a unguwa, Kawu da Bukar suka tafi jana'iza, Ma Rejin ta ce tunda inji ba zai tashi ba bari ta je neman zare. Aka bar ni da dutsen guga na gawayi. Wajen ƙarfe ɗaya sai ga wuta. Na leƙa titi, na dawo, na sake leƙawa. Na durƙusa na ɓare salatif ɗin a hankali don kada ya yage. Na kunna, ta nemi kwanan wata, na ɗaga kai na dubi kalandar bango irin wadda ake yage ganye ɗaya kullum, na kwafi lambar da na gani. Na cusa kile, na danna koren maɓallin. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi, ta dawo, ta sake yin baƙi, rubutu na ta gudu, ta kashe kanta ta kunna har sau biyu. Da ta natsu na haɗa wayar, kuma ko a haka ba ta gane ta ba. Ban kwafi ko zane ɗaya ba. Na kashe, na mayar da salatif, na shafa shi da babban yatsa har ya kwanta, na koma kan gugata kamar ban san komai ba. Ba a jima ba wutar ma ta sake tafiya.

Washegari Juma'a wuta ba ta zo ba sai da rana. Al'adarmu a shagon, idan lokacin masallaci ya yi mu maza mu tafi, Ma Rejin ta tsare shago, tun zuwanta haka ake yi. Mun dawo ke nan, ina cire takalmi, na ji injin ya yi wata ƙara, ƙas, ya tsaya. Fuskar kwamfutar ta koma shuɗiya gaba ɗaya, da fararen rubutu ƙanana. Allura ta tsaya a cikin yadi. Ma Rejin ta ce wa Kawu, "Patiron," wato maigida, haka take kiransa, "zo ka gani, ban taɓa ganin wannan ba." Bukar ya ce, "Tsohuwa ta fara ganin kabarinta." Kowa ya yi dariya, har da ni. Ku ji fa, har da ni.

Aka kashe aka kunna, ta yi aiki. Na ce wa kaina zafi ne. Asabar ta yi sau biyu. Litinin sau huɗu. Tun ina ƙirgawa har na daina. Ba ta da lokaci: wani sa'in ta yi awa biyu lafiya, wani sa'in da an tura zane zuwa inji sai shuɗin nan ya rufe ta. Na koma ina guga kunnena na wajen injin, duk ɗan sauyin sauti sai in ajiye dutsen guga in waiwaya. Ranar Talata ta tsaya a tsakiyar wuyan babbar rigar wani ango, da aka sake kunnawa injin ya ɗauko daga wani wurin daban, ya bi ta kan aikin da ya gama, ya tattake shaddar har ta huje. Kawu ya ɗaga rigar kusa da idonsa, ya daɗe yana shafa ramin. Ya ninke ta ya ajiye. Da ma ya yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Laraba ya kira Nuhu, ɗan wani amininsa, wanda ya yi karatun boko mai zurfi yana aikin kwamfuta a wani ofis a unguwar Akwa. Ya zo a kan bensikin, wato babur ɗin haya, da 'yar jakarsa, ya durƙusa ya gaida Kawu, ya cire agogo ya naɗe hannun riga. Ni ina gefe ina riƙe masa fitilar waya. Ya buɗe akwatin ya hure ƙura da zaren da suka cushe fanka. Ya zaro wasu dogayen faranti biyu ya goge bakinsu ya mayar. Ya taɓa nan, ya shinshina can. Ina ta addu'a a zuci: Allah ka sa ƙura ce, Allah ka sa tsufa ne. Ya kunna, aka tura zane, shuɗin ya dawo. Ya ɗauki hoton rubutun da wayarsa, ya karanta yana gyaɗa kai. Sai ya sake kunna ta ta wata hanya, rubutu ya fito manya-manya, ya bar ta ta fi awa ɗaya, ko gezau.

"Baba," ya ce wa Kawu, "jikinta lafiya lau. Ba zafi ba ne, ba tsufa ba ne. Yanzu na tashe ta ba tare da direbobinta ba, ga ta nan garau. Ke nan a cikinsu ciwon yake."

Kawu ya ce, "Yi mini Hausa, Nuhu."

"Tafinta ne, Baba. Kwamfuta ba ta jin yaren inji, inji ba ya jin nata, akwai ɗan abu a tsakani mai fassara. Naku tsoho ne, amma sun saba da juna. Wani ya cire shi ya sa sabo wanda ba na wannan injin ba. Yana fassara daidai, daidai, sai ya kwaɓa, ita kuma da ta ji abin da ba ta gane ba sai ta tsaya cak don kada ta yi ɓarna. Kuma ba ɗaya aka canza ba, sun fi goma. Wannan ba ya canza kansa a kwamfutar da ba ta kan intanet. Hannu ne."

Kawu ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Wa ya taɓa?" Bukar ya ce shi ko kunna ta bai iya ba. Ma Rejin ta ce, "Ni aikina kawai nake buɗewa." Ya zo kaina. 'Yan uwa, ga ƙofa Allah ya buɗe mini, kalma biyu ce, ni ne. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa, "Kawu, ni da guga?" Ban ce ban taɓa ba, ina ta riƙe wannan kamar zai cece ni. Amma mene ne bambancin? Wanda ya yi tambaya don a fahimci a'a, ba a'a ya faɗa ba?

Nuhu ya ce ba sai an yi gardama ba, kwamfuta tana da littafin da take rubuta duk abin da aka sa mata, da rana da lokaci. Na jingina da tebur ina jiran in ji Alhamis. Ya bi layukan da yatsa, ya tsaya. Ya faɗa da Faransanci a hankali, sannan ya maimaita da Hausa: "Juma'ar da ta wuce. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin."

Babu wanda bai san inda muke ba ƙarfe ɗaya da minti ashirin na Juma'a, kuma babu wanda bai san wa aka bari ba.

Ma Rejin ta miƙe. "Jamais, patron! Ko kusa! Ni? Na kunna, na gyara kwanan wata, na ɗora rigar Alhaji mai goro. Shi ke nan."

Kawu ya durƙusa da kyar, ya shafa salatif ɗin da yatsa, ya kama gefensa, ya taso ba wuya. "An ɓare wannan," ya ce. "Rejin, shekara goma sha ɗaya ina barin miki shagona in tafi gaban Ubangijina. Me kika kwafa? Wa kika kai wa zanena?"

"Zanenka? Patiron, ni da na san kowane ɗaya kamar 'ya'yana, in zan sayar sai yau?"

"Inji ba ya ƙarya. Ba shi da dangi, ba shi da abokin gaba."

Ta dubi Nuhu, ya sunkuyar da kai ya ce shi abin da aka rubuta kawai ya karanta. Ta dubi Bukar. Ta dube ni. Ni kuma ina kallon bango, kuma a nan idona ya faɗa kan kalandar, na gane abin da ya faru. Bukar yana da ɗabi'a, idan mai kaya ya zo babu takarda kusa, sai ya yage ganyen kalanda ya rubuta awo a bayansa. Safiyar Alhamis ɗin, kafin su tafi jana'iza, na gan shi ya yage ya rubuta awon wani. Ganyen ranar ya cire. Lambar da na kwafa ta Juma'a ce. Da hannuna na gaya wa kwamfutar ranar ƙarya, ita kuma ta rubuta abin da na gaya mata. Ban yi da gangan ba, Allah shaida. Amma shirun da na yi bayan na gane, shi ma kuskure ne? Wa ya rufe mini baki a lokacin in ba ni ba?

Nuhu ya yi ƙoƙarin mayar da tsofaffin direbobin, wasu suka koma, na injin ya ƙi. Faifan da ya zo da injin ya ɓace tun tuni, kamfanin da ya ƙera shi ma Nuhu ya ce bai san ko yana nan har yanzu ba. Ya ce idan ya ga ainihin abin da aka yi amfani da shi, zai san me ya cire da inda ya jefa tsohon, wataƙila a dawo da shi. Kafin ya tafi ya kwafe zanen duka a wani abin ajiya nasa, cikin minti kaɗan, Kawu na tsaye bai hana ba. Abin da na karya doka dominsa ke nan, aka yi shi a gabana da izini, ba wahala. Ya kuma ce nan gaba kada a sabunta abin da ke aiki lafiya, in ma dole ne, a yi ɗaya-ɗaya, a ajiye tsohon tukuna. Ina jinsa kamar da ni yake.

Kawu ya ce wa Ma Rejin ta kawo abin da ta cusa, ta faɗi wanda ya aike ta, zuwa Litinin. In ta kawo, zai bar maganar a cikin shago. In ba ta kawo ba, ta nemi wani wuri, kuma duk mai shagon da ya tambaye shi dalili zai faɗa. Kun san yadda layin masu ɗinki yake, kafin la'asar magana ta zaga. Wa zai ɗauki wadda aka ce ta saci zanen ubangidanta? Tana da 'ya'ya uku, biyu na makaranta. Kuma me za ta kawo? Abin yana ɗakina, cikin tsohuwar safa, a ƙasan akwatin kayana.

Tun ranar ba ta daina zuwa ba. An hana ta zama gaban injin, sai ta ja kujera kusa da ni tana taya ni yanke bakin zare. Mata masu kawo kaya da suka saba wasa da ita yanzu sai su gaishe ta a tsaye su wuce. Jiya Juma'a da za mu tafi masallaci, Kawu ya ce ta fito, ya kulle shagon, ya sa makulli a aljihu. Ta zauna a kan dakalin waje cikin rana. Na bi sahu na yi salla, ban san me liman ya karanta ba. Abinci ba ya wuce mini. Uwar 'ya'yana ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce e, ƙarya ta sake hawa kan ƙarya.

Na yi tunanin in jefa kile ɗin ta ƙarƙashin ƙofa ba suna. To ai cewa za a yi ita ce ta ji tsoro ta jefo. Na yi tunanin in sami Nuhu a ɓoye, amma ɗan aminin Kawu ne, ba zai rufe ba, kuma ko ya gyara injin, sunanta fa? Na yi tunanin in faɗa wa Kawu gaskiya. Mutumin nan shi ya ɗauke ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya yi mini aure, ɗakin da nake ciki a gidansa yake. Da a ce ranar Laraba na faɗa, faɗa zai yi ya huce. Yanzu ba taɓa kwamfuta ne laifina ba. Laifina na tsaya ina kallo ya ci mutuncin baiwar Allah a gaban mutane, ya zama azzalumi ta dalilina. Wannan ban san ko zai yafe ba. Ita ma ban sani ba.

Yau Asabar da hantsi, Kawu ya fita, Bukar ya je sayen allura. Ta ajiye almakashi ta ce, "Malam Guga," haka take kirana tun da, "ina so in roƙe ka abu." Na ce ina ji. Ta ce, "Littafina Baibul na kawo zan rantse, patiron ya ce bai san rantsuwarmu ba. Amma kai yana jin maganarka. Ran Litinin ka tsaya kusa da ni, ka ce masa a shekarun nan ba ka taɓa ganin na ɗauki ko zare ɗaya ba. Ban ce ka ce ban yi ba, tunda ba ka nan. Abin da ka sani kawai. Ba na son ka ɗauki zunubi saboda ni, mon frère, ɗan uwana."

Na ce mata to. Ta kama hannun rigata ta yi godiya har sau uku, ta share ido, ta ɗauki almakashinta ta ci gaba da yanka.

Litinin jibi ce. Idan na tsaya na faɗi abin da ta roƙa kawai, gaskiya na faɗa, kuma korar ta za a yi ina tsaye a gefenta. Idan na fito da abin da ke cikin safar nan, ban san ta ina zan fara ba, ko ita zan fara samu, ko Kawu, ko in tara su gaba ɗaya. 'Yan uwa, wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma bayan zagin ya ba ni amsa. Me zan yi?